Tambaya da Amsa: An Cire wa Baba Haƙori, An Riƙe Masa Kati

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa a wayata na iyalan 'yan mazan jiya ne, kuma abin mamaki ba maganar fansho ba ce, maganar haƙori ce da rigimar kuɗi da asibitocin kuɗi. Ni dai kun sani ba likita ba ne ba lauya ba, na dai yi shekaru a teburin kati da lissafi na wani asibiti kafin na dawo ƙauye na rungumi fartanya da biro, toh abin da na gani a teburin nan da shi zan amsa. Na cire sunaye kamar kullum.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Ringim, a kan mahaifina nake tambaya. Baba tsohon soja ne, yana saje ya ajiye aiki, har Laberiya ya je lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, yanzu ya haura saba'in. Tun da damina yake fama da ciwon turmi na ƙasa, mun yi kanumfari mun yi ruwan gishiri mun sayi na kemis har ya daina ji, ranar da abin ya ƙi kawai sai ga kumatu ya haye, kwana biyu ko kunu sai da cokali ake ɗura masa. Yayana ya ɗauke shi sai Kano, suna sauka a 'Yankaba wani mai adaidaita yace ya san asibitin haƙori na kuɗi da babu layi, ya kai su. Baba ya ciro katinsa na inshora ya nuna wa yarinyar da ke kan tebur tace ba matsala Baba ku shiga a duba ku tukunna. Likita yace biyu za a cire, a wanke sauran, daga baya a sa masa na roba guda uku tunda da ma akwai giɓi ɗaya a gaba, Yaya ya tambayi kuɗi yace in sha Allahu ba zai wuce dubu saba'in ba. Zuwa huɗu suka yi. Ranar ƙarshe aka miƙo musu 'yar takarda an rubuta 170,000 da biro ba wani bayani, Yaya yace ina maganar inshora suka ce su ba sa karɓarta kuma ba wanda yace musu suna karɓa. Mun sayar da akuya biyu da buhun riɗi mun kai dubu sittin, suka riƙe katin shaidar Baba na ritaya wai jingina sai an cika dubu ɗari da goma, yanzu kullum sai sun bugo waya, jiya har cewa suka yi za su haɗa mu da 'yan sanda. Baba ya daina barci, ba ma kuɗin ba, katin ne ya fi damunsa don in aka kira tantancewar fansho ba shi da abin nunawa. Malam dole ne mu biya? Kuma masu inshora za su dawo mana da abin da muka kashe? — 'Yar saje, daga yankin Ringim

AMSA: Allah sarki, sannu ƙanwata, Allah ya ƙara wa Baba lafiya ya sa kaffara ne. Bari in fara da abin da zai sa dattijon nan ya yi barci yau. Bashi ba laifin da ake kama mutum a kai ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 a sashe na 32 ta faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum don kawai rigimar ciniki ko saɓa yarjejeniya, kuma dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta hana a kama wani a madadin wani, wato ba za a ɗauki Yayanki don Baba ba ko a ɗauki Baba don Yayanki. In suna ganin suna binku kuɗi kotu ce hanyarsu. Eh na sani, ƙasar nan wani in yana da aboki a caji ofis sai ka ga an aiko maka da takardar gayyata a kan kuɗin kaji ma, toh in hakan ta faru kada ku ƙi zuwa kuma kada Yaya ya tafi shi kaɗai, ya tafi da wani dattijo da shaidar dubu sittin ɗin da kuka biya, ya ce musu cikin ladabi wannan maganar bashin asibiti ce kuma muna kan sasantawa. Mutumin da ya sayar da akuyarsa ya kai kuɗi ba wanda zai kira shi ɗan damfara.

Yanzu maganar inshora, nan kuma ba zan yi miki daɗin baki ba. Katin da ke aljihun Baba ba katin ATM ba ne da duk injin da ka zura shi zai tofo kuɗi. Sojoji, na cikin aiki da waɗanda suka yi ritaya, kamfanin DHML ne ke riƙe da inshorar lafiyarsu, shi kuma yana aiki ne ƙarƙashin tsarin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda muka sani da NHIS tun da aka fara a 2005, har dokar 2022 ta mai da ita NHIA. Yadda abin yake, kowane mai kati yana da asibitinsa na farko inda aka yi masa rajista, asibitin nan ana ba shi wani ɗan kuɗi a kan kowane mutum da ke jerinsa ko ya zo ko bai zo ba, can ake zuwa da zazzaɓi da hawan jini da su ciwon kai. Aikin haƙori kuwa mataki na biyu ne. Sai likitan asibitin farko ya duba ya rubuta takardar turawa, teburin inshora su nemo lambar izini daga kamfanin, wadda ma'aikata ke kira kod, sannan a tura ka wajen likitan haƙorin da hukuma ta tantance, na gwamnati ne ko na kuɗi. Da lambar nan shi likitan zai cike takardar neman kuɗinsa. In babu ita, shi a wajensa Baba da wanda ya shigo daga kan titi duk ɗaya ne, kuma kamfanin ma in kuka je za su ce muku ba su san da zancen ba, kuma a kan ƙa'ida gaskiyarsu. Ku ba takardar turawa, ba lamba, asibitin ma ya ce ba ya cikin tsarin, kinga ƙafa uku duk babu. Don haka kada ki sa ran dubu ɗari da saba'in za ta dawo.

Akwai 'yar ƙofa guda ɗaya da zan so ku ƙwanƙwasa ko da ba na yi miki alkawari. Ranar farko da kumatu a kumbure, mutum ba ya iya cin abinci, wannan ana iya kiransa gaggawa, kuma tsarin yana sassauci a kan gaggawa don ba a ce wa mai ciwo ya tsaya jiran takarda. Ku nemi likitan ya rubuta muku rahoton yadda Baba ya zo a ranar da abin da aka yi masa, da kwanan wata da hatimi, ku haɗa da rasit ku kai ƙorafi a rubuce ta teburin inshora na asibitin da Baba ke da rajista. In an dace, kuɗin ranar farkon ne kawai za a duba, wankin haƙori da na roba da aka yi a zuwa na biyu zuwa na huɗu ba wanda zai kira su gaggawa. In ba a dace ba kun yi asarar kuɗin fotokwafi ne da na mota.

Amma fa kada asibitin nan su ɗauka sun fita. Kalmar nan ta "ba matsala" wallahi ta cinye dukiyar talakawa fiye da fari da ambaliya, kuma ni kaina na sha faɗarta a teburi don in rage layi, Allah ya yafe mana. Dattijo ya ciro kati ya nuna, abin da ya kamata yarinyar ta ce shi ne Baba mu nan ba ma karɓar wannan, da kuɗinku za ku biya, kun yarda? Magana ce ta daƙiƙa goma. Ba ta faɗa ba, aka bar shi ya hau kujera ya buɗe baki yana zaton gwamnati ce za ta biya. Sannan daga saba'in zuwa ɗari da saba'in ba ƙari ba ne, wani sabon ciniki ne da ba a yi da ku ba. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majiyyaci, a ciki akwai haƙƙin a faɗa maka kuɗin aiki dalla-dalla ba ɓoye-ɓoye tun kafin a yi. 'Yar takarda da lamba ɗaya da biro ba bil ba ce, ko mai shago a kasuwar Ringim in ka ɗauki kaya bashi yakan rubuta sukari kaza sabulu kaza.

Toh ga abin da nake so Yaya ya yi. Kada ya je da faɗa, kuma kada ya tsaya da yarinyar tebur, ita ba ta da ikon rage ko kwabo. Ya nemi mai asibitin ko manaja, ya tafi da shugaban ƙungiyar 'yan mazan jiya na ƙaramar hukumarku in zai samu, su waɗannan dattawan sun saba da irin wannan zaman kuma in suka sa hular nan tasu suka zauna a ofis magana takan canza, in bai samu ba ko wakilin dagaci ko limamin garinku. Bayan gaisuwa ya ce likita mun gode da aikin da aka yi wa Baba, ba mu zo gudun bashi ba, so muke a rubuta mana kowane aiki da kuɗinsa, kati nawa, hoto nawa, cire kowane haƙori nawa, wanki nawa, na roba kowane ɗaya nawa, magani nawa, a sa kwanan wata a buga hatimi. In takardar ta fito ku zauna ku bi ta layi-layi da Baba, shi ya san abin da aka yi a bakinsa. Na sha ganin an rubuta hoto sau biyu alhali sau ɗaya aka ɗauka, ko kuɗin ganin likita a kowane zuwa har da ranar da aka zo gwada haƙorin roba kawai. Wani lokaci ba sata ba ce ma, sakaci ne, yaron lissafi ya kwafo daga fayil ɗin wani.

Kuma in yi wa likitan adalci, zai iya yiwuwa da yace saba'in yana nufin cirewa da wanki ne, na roban bai sa a lissafi ba saboda su ba shi ke ƙera su ba, awon baki yake ɗauka ya aika wa masu haɗawa su ma su caje shi. Kayan aikin haƙori kusan duk daga waje ake shigo da su, dala ta tashi sun tashi, ga dizal na janareta don injin nan mai ƙara ba ya aiki da addu'a. Duk wannan gaskiya ne. Amma wanda ya san farashi shi ke da nauyin faɗa, ba baƙon da ya zo daga ƙauye da kumburarren kumatu ba. Wannan ita ce hujjarku ta neman ragi, kuma hujja ce mai ƙarfi, ku tsaya a kanta: an ce mana saba'in, ba a sake ce mana komai ba har aka gama. A irin wannan zaman na ga an yafe kashi ɗaya cikin uku, na ga an raba bambancin biyu.

Abin da ya rage bayan ragi kuwa ƙanwata ku biya. Haƙoran suna bakin Baba yana tauna tuwo da su, aiki an yi shi, bashi kuma hanji ne yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne a ce za a biya kaɗan-kaɗan. A rubuta yarjejeniya, dubu kaza duk wata in fansho ya shigo, ko a ɗaga zuwa kaka in an sayar da amfani, kowa ya sa hannu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. A wannan zaman ne za ku ce a ba ku katin. Katin shaida ba kadara ba ce, ba gona ba ce ba babur ba, ba za su iya sayar da shi su fanshe ko naira ɗaya ba, amfaninsa a wajensu kawai ya hana dattijo barci. Takardar yarjejeniya ta fi musu amfani sau goma don ita za su iya kaiwa gaban alƙali. In suka ƙi ba da bil a rubuce ko suka ƙi sakin katin, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya FCCPC, akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a da ke da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan ko sisi, akwai kuma majalisar likitoci da likitocin haƙori MDCN wadda ita ke ba su lasisi. Sau da yawa ambaton na ƙarshen nan kaɗai, a hankali ba da barazana ba, ya isa a buɗe durowa a ɗauko kati.

Dubu sittin ɗin nan, in tiransifa kuka yi ko ta POS ku adana alat da 'yar takardar, in a hannu kuka bayar kuma ba a ba ku rasit ba to shi ne abu na farko da Yaya zai karɓa kafin a fara kowace magana. Shi kuma mai adaidaitan da ya san asibitin da babu layi, ban ce yana da kamasho ba, ban kuma ce ba shi da shi ba.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni nawa daban ne, mu mun bi duk ƙa'ida. Mahaifina tsohon samanja ne muna zaune ta wajen Gaya, asibitinsa na farko suka ba mu takarda, lamba ta fito har an turo mana ita a waya, aka tura mu wani asibitin haƙori na kuɗi da ke cikin tsarin. An yi masa ciko biyu da wanki, da muka zo tafiya akawun yace sai mun ajiye 45,000 wai kuɗin inshora yana daɗewa bai fito ba, in ya fito za su kira mu su mayar mana. Na ce ba ni da shi, yace toh ciko na uku da ya rage ba za a yi ba. Haka dokar take? — Ɗan samanja, Gaya

AMSA: A'a ɗan'uwa, ba haka take ba. Asibitin da ya shiga tsarin ya karɓi lamba ya riga ya yarda da abu biyu, zai yi aikin a kan farashin da hukuma ta tsara, kuma wajen kamfani zai nemi kuɗinsa ba wajen majiyyaci ba. In kuɗinsa ya makara rigimarsa ce da su, yana da inda zai kai ƙara, bai kamata ya mai da tsohon samanja bankinsa ba. Abin da aka sani mai kati yana biya daga aljihunsa a tsarin shi ne kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, wato in an rubuta maganin dubu takwas ka ba da ɗari takwas, shikenan.

Sai dai kafin ka ɗaga murya ka tabbatar da abu ɗaya, me lambar ta ɗauka? Ita lamba ba buɗaɗɗiyar takarda ba ce, a kan aiki takamaimai ake ba da ita. In an nemo ta a kan ciko biyu da wanki sai likita ya buɗe baki ya ga na uku, daidai shi ne su sake neman izini a kan na ukun, ba su juyo kanka ba. Kuma akwai ayyukan da tsarin bai ɗauka ba sam, irin dasa haƙori da ƙarfe a cikin ƙashi, da hular da ake rufa wa haƙori, da gadar da ake haɗa haƙora da ita, da faranta haƙori don kwalliya, su waɗannan ko da lamba a hannunka kai za ka biya, amma dole a faɗa maka kafin a fara. Ciko da wanki ba sa cikin waɗannan. Ka koma ka ce akawun ya rubuta maka wane aiki ne na 45,000 ɗin, sannan a gabansa ka kira kamfanin inshorar, lambarsu tana teburin da suka nemo muku izini, ka sa wayar a sifika ka karanto lambar izinin ka ce ga abin da ake nema a wajena. Na ga akawu ya canza murya tun kafin a ɗaga wayar. In abin bai warware ba hukumar NHIA tana da ofis a Kano, ka kai a rubuce, su ke tantance asibitocin kuma suna iya cire wanda ya saba yin haka daga tsarin.

Kuɗin "za mu mayar maka" kuwa, a shekarun da na yi a teburi waɗanda na ga an mayar wa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma duk masu rasit ne masu naci.

TAMBAYA: Jikana ne yake rubuta mini. Ni kofur ne na bar aiki tun zamanin Babangida, ina zaune a ƙasar Kazaure, haƙora shida suka rage mini a baki. Wani yaro da ke kallon abubuwa a waya ya ce mini a Amurka tsohon soja ko wane asibiti ya shiga kyauta ake masa haƙori har na zinare, gwamnati ta biya. Gaskiya ne? In gaskiya ne mu me muka yi? — Tsohon kofur, Kazaure

AMSA: Baba barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara girma ya saka muku da abin da kuka yi wa ƙasa. Yaron nan ya ji ƙarar ganga ne bai ga mai kiɗan ba. Amurka suna da ma'aikata guda ta tsofaffin sojoji da ake kira VA, da asibitocinta na kanta, kuma ba shakka abin da suke kashewa ba a haɗa shi da namu. Amma a maganar haƙori yawancin tsofaffin sojojinsu ba su cancanci kyauta ba. Waɗanda ake yi wa komai su ne irin wanda ciwon bakinsa a wajen aiki ya same shi har ake biyansa diyya a kai, da wanda aka taɓa kamawa fursunan yaƙi, da wanda aka auna nakasarsa ta aiki ta kai ɗari bisa ɗari. Wanda ya fito sabo yana da damar gyara sau ɗaya in ya nema cikin kwana 180 da sallama. Sauran kuwa inshorar haƙori suke saya da kuɗinsu a kan rangwame ta hannun kamfanoni irin su Delta Dental da MetLife.

Kuma rigimar da 'yar saje da ɗan samanja suka kawo a sama, su ma can suna yinta, har na yi dariya da na fara karantawa. A 2014 aka yi babban abin kunya a garin Finiks kan yadda tsofaffin sojoji ke daɗewa a layin ganin likita, sai majalisarsu ta yi dokar da ta ba su damar zuwa wajen likitocin kuɗi gwamnati ta biya. Biyan ya riƙa makara, likitoci suka riƙa aika wa tsofaffin bil gida, wasu har aka haɗa su da kamfanonin karɓar bashi sunansu ya ɓaci a wajen bankuna. A 2018 Trump ya sa hannu a sabuwar doka mai suna MISSION da ta sake tsarin, aka sa kamfanoni biyu Optum da TriWest a tsakani suna biyan likitocin. Amma sharaɗin yana nan daram, sai VA ta ba da izini tukunna kafin ka je wajen likitan waje, in ka je da kanka ba izini kuɗin a wuyanka yake, in kuma da izini likitan ba shi da ikon ya biyo ka da bil. Kaga Baba, takardar turawa da lamba ce dai, da Turanci.

Abin da ya fi kusa da kai shi ne ka sa jikan nan ya bincika maka a wane asibiti rajistarka take. Da yawa daga cikinku an rubuta su ne a barikin da suka ajiye aiki, mutum yana Kazaure asibitinsa na farko yana Kaduna ko Legas, ka ga kati yana aljihu amma ba ya da amfani. Ana iya neman a canza maka zuwa asibitin da ke kusa da kai wanda ke cikin tsarin. In ba ka taɓa yin rajistar ba ma sam, ka tambayi shugabannin ƙungiyarku ta 'yan mazan jiya yadda ake yi, ka tanadi littafin sallamarka da takardun fansho. Haƙoran roba na cirewa tsarin yana ɗaukar wani adadi kaɗan, ba cikakken baki ba, don haka mai haƙori shida sai ya yi shirin cika kuɗin sauran daga aljihu, ka sa a faɗa maka nawa ne a rubuce kafin a zuba maka abin awon nan mai kama da ƙullu a baki. Na zinare kuwa Baba ko a Amurka sai dai in mutum ya je Makka ya sa abinsa.

TAMBAYA: Malam don Allah da gaggawa. Kawuna tsohon soja ne muna ƙauye ta wajen Birnin Kudu, yana da ciwon suga. Haƙorinsa na ƙasa ya yi kogo, yau kwana uku kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ya yi tauri kamar dutse, bakin ba ya buɗuwa sosai, yawu ma da ƙyar yake haɗiya ga zazzaɓi. Wani likitan haƙori na kuɗi yana binmu bashin dubu ashirin na wancan karon shi ya sa muke jin kunyar komawa, kuma an ce lambar inshora sai ranar Litinin. Mu jira? — Wani ɗa, Birnin Kudu

AMSA: Wannan saƙon ranar Juma'a da daddare ya shigo, ban jira mujalla ba na kira shi a take, na sa shi a nan ne saboda wasu. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ya yi tauri, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ta yi wuya, wannan ya wuce ciwon haƙori, mugunya ce ke bin ƙarƙashin harshe tana neman maƙogwaro kuma tana iya toshe numfashi cikin sa'o'i, ga mai ciwon suga abin ya fi sauri. Ba a kai irin wannan ƙaramin asibitin haƙori ma, babban asibiti ake nufa sashen gaggawa, na tarayya da ke Birnin Kudu, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko na Malam Aminu Kano da Murtala in Kano ta fi kusa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 a sashe na 20 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa ko da wane dalili. A tafi da katin, a nuna shi a teburin inshora, a sanar da kamfanin da wuri, lamba ta biyo baya.

Na ce masa dubu ashirin ɗin wancan likitan ku bar ta sai Kawu ya tashi ku je ku ba shi haƙuri ku biya. Sun samu motar wani maƙwabci mai kai tumatir, ƙarfe ɗaya na dare suka isa, aka tsaga aka zuƙe mugunyar aka sa masa ruwa da allurai. Shekaranjiya yaron ya turo mini saƙon murya, Kawun ne da kansa a bayansa yake faɗa wai an hana shi goro.